Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Mun Duba Addinin Baha'i

Kowa ya san irin ɗan kasuwar nan mai mudu biyu. In za ya sayi dawa daga hannun manomi sai ya jawo babban mudu, in kuwa za ya sayar wa matar aure sai ya ɗauko ƙaramin. Ba sai ya yi ƙarya da baki ba, mudun ya ishe shi. Littafin Misalai ya lissafta wannan cikin abubuwan da Ubangiji ya ke ƙyama, maƙwabtanmu Musulmi kuma sun san tauye mudu babban zunubi ne. Abin da mu ke so mu yi tunani a kansa cikin wannan wata shi ne ko ana yin irin wannan awo a wajen magana kuma, watau mutum ya auna littattafan waɗansu da mudu guda, ya auna nasa da wani dabam. Addinin Baha'i ne ya jawo mu ga wannan tunani.

Kada mai karatu ya ce abin nesa ne. A shekara ta 1953 wani mutumin Yuganda mai suna Enoch Olinga ya kawo wannan addini ƙasar Kamaru, daga can kuma almajiransa suka bazu cikin ƙasashen yamma. A 1961 aka buɗe musu babban ɗakin sujada bisa wani tudu a Kampala. Yau akwai su a Nijeriya da Gana da Kamaru da Cadi, ko da ya ke ba su da yawa. Maganarsu kuwa mai daɗi ce a kunne. Su kan ce Allah ɗaya ne, 'yan Adam dangi ɗaya ne, addinai duka kuma asalinsu ɗaya. Wanda ya taɓa ganin an ƙone kasuwa ko an zub da jini da sunan addini ba za ya yi wa wannan magana dariya ba. Mu ma ba mu yi.

Asalin abin daga ƙasar Farisa ne, wadda a ke kira Iran, cikin Musulmi 'yan Shi'a masu jiran Mahadi. A watan Mayu na 1844 wani saurayi ɗan kasuwa a birnin Shiraz, Sayyid Ali Muhammad, ya kira kansa Bab, watau ƙofa. Daga baya ya ce shi ne Mahadin da a ke jira, ya kawo littafinsa mai suna Bayan a madadin shari'ar Alƙur'ani. Aka yi yaƙi tsakanin mabiyansa da sojan sarki, jama'a da yawa suka hallaka, shi kansa aka harbe shi a Tabriz a 1850. Amma kafin ya mutu ya yi ta faɗi cewa wani na zuwa wanda ya fi shi. Cikin mabiyansa akwai wani ɗan babban gida daga Tehran, Mirza Husaini Ali, wanda a ke kira Baha'u'llah, watau ɗaukakar Allah. An jefa shi kurkuku a 1852, aka kore shi zuwa Bagadaza, a can ne a 1863 ya gaya wa na kusa da shi cewa shi ne wanda Bab ya yi alkawarinsa. Sarkin Turkawa ya yi ta matsar da shi daga gari zuwa gari har ya kai shi Akka, bakin teku a ƙasar Falasɗinu, a 1868. A kusa da nan ya mutu a 1892. Ɗansa Abdul Baha ya gaje shi, ya kai koyarwar Turai da Amurka tsakanin 1911 da 1913.

Ga zuciyar koyarwar. Sun ce ba mai iya sanin Allah kai tsaye, sai ta wurin waɗansu zaɓaɓɓu da ya ke aikowa zamani bayan zamani, kowannensu kamar madubi ne wanda hasken rana guda ya ke bayyana a cikinsa. Cikinsu su kan lissafta Ibrahim da Musa da Buda da Zartusht na Farisa da Yesu da Muhammadu, sa'an nan Bab da Baha'u'llah. Kowanne ya kawo darasin da ya dace da zamaninsa, kamar malaman makaranta daga aji ɗaya zuwa na gaba. Baha'u'llah kuwa shi ne na wannan zamani, shi ne kuma wanda dukan addinai su ke jira. Ya rubuta wa sarakunan zamaninsa, har da Sarauniya Biktoriya ta Ingila da Paparoma Pius na 9, ga Paparoma kuwa ya nuna kansa a kan shi ne komowar Almasihu.

To, a nan ne tambaya ta ke tasowa, gama waɗannan da aka jera ba bakinsu ɗaya ba. Musulmi ya ce Muhammadu ne cikamakin annabawa, ba wani bayansa. Krista ya ce Yesu ya tashi daga kabari da jikinsa, shi ɗin nan ne kuma za ya komo. Ta yaya za a ce duka ɗaya ne?

Amsar tana cikin littafin da Baha'u'llah ya rubuta a Bagadaza wajen 1862, mai suna Kitabul Iƙan. Hanyarsa ita ce ya mai da kowace magana mai wuya ta zama misali. Ya ɗauki Matta sura 24, inda Ubangijinmu ya yi zancen duhuntar rana da faɗuwar taurari da zuwan Ɗan Mutum bisa gizagizai, ya ce rana da taurari malaman addini ne da dokokin dā waɗanda haskensu ya ƙare, gizagizai kuwa su ne abubuwan da ke hana mutane gane manzo, kamar ganinsa yana ci yana sha yana shan wahala irin ta kowa. Zancen cikamakin annabawa ma bai bar shi ba. Ya ce tun da ya ke manzannin duka ruhu ɗaya ne, kowannensu ana iya ce da shi na farko, ana iya ce da shi na ƙarshe, saboda haka ƙofa ba ta rufu ba. Abdul Baha ya bi sawun ubansa. Cikin wani littafin tambayoyi da amsoshi da aka buga a 1908 ya bayyana tashin Yesu haka: da aka gicciye shi almajirai suka firgita suka watse, koyarwarsa ta zama kamar gawa, bayan kwana uku zuciyarsu ta ƙarfafa suka fita wa'azi, wannan ne tashin. Jikin kuwa bai tashi ba.

Sai mu faɗi gaskiya, mutumin Baha'i yana da abin da za ya mayar mana. Za ya ce, ku ma haka kuka yi wa Yahudawa. Malachi ya ce Iliya za ya zo kafin ranar Ubangiji, Yahudawa suna duban sama, sai Yesu ya ce Yohanna Mai Baftisma ne Iliyan. In an yarda Iliya ya komo cikin jikin wani mai suna dabam, me ya hana Almasihu ya komo haka? Wannan tambaya ba ta yara ba ce, wanda bai taɓa yin tunaninta ba za ta iya kā da shi a gaban jama'a.

Abu biyu mu ke gani. Na fari, akwai bambanci tsakanin annabci da shaida. Annabi ya kan ga wahayi, ya yi magana da misalai, ma'anar kuma ba ta fita sarai sai abin ya cika. Amma labarin tashin Yesu labari ne na mutanen da suka ce sun gani da idonsu. Luka ya ce ya ci gasasshen kifi a gabansu don su tabbata ba fatalwa ba ce. Yohanna ya ce an nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa sura 15, ya lissafta waɗanda suka gan shi, har mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai sa'ad da ya ke rubutu, ya ƙara da cewa in abin bai faru ba bangaskiyarmu banza ce, manzanni kuma shaidun zur ne. Mutum yana iya cewa waɗannan shaidu sun yi kuskure, ko sun yi ƙarya, sai mu zauna mu yi muhawara. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ce an yarda da shaidarsu, sa'an nan a ce ba abin da suka faɗa su ke nufi ba. Ko a gaban alƙali, in mai shaida ya ce na ga wane ya shiga gonar da dare, ba mai tashi ya ce nufinsa tunanin wane ne ya shiga.

Na biyu, ba mu taɓa ce wa Bayahude addininmu da nasa ɗaya ne ba. Mun ce masa a fili, a kan Yesu mun rabu, kai kana cewa ba shi ne Almasihu ba, mu muna cewa shi ne. Haka mu ke da Musulmi, yana cewa ba a gicciye Isa ba, mu muna cewa an gicciye shi, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, gobe kuma mu gaisa a kasuwa mu tambayi lafiyar iyali. A ganinmu wannan ya fi girmama mutum. Gama wanda ya ce maka, na yarda da dukan abin da ka faɗa, sai dai ba ka san ma'anar maganarka ba, ni ne zan gaya maka, ya mai da kai yaro ke nan, ko da murmushi ya faɗa.

Yanzu bari mu ɗauko ɗaya mudun. Wajen 1873, a Akka, Baha'u'llah ya rubuta littafin shari'arsa da Larabci, Kitabul Aƙdas, watau littafi mafi tsarki. A ciki ya ce duk wanda ya tashi ya ce Allah ya aiko shi da sabon wahayi kafin shekara 1,000 ta cika, maƙaryaci ne. Bai tsaya nan ba, ya hana kowa ya fassara wannan aya da wata ma'ana ban da wadda ta ke a fili, ya ce mai yin haka ya rabu da jinƙan Allah. An kuma bayyana cewa shekarar nan ta sosai ce, mai watanni cikakku, ba misali ba. Mu duba da kyau. Gizagizan Matta misali ne, kabarin da ba kowa ciki misali ne, cikamakin annabawa misali ne, amma shekara 1,000 ta Baha'u'llah a bar ta yadda ta ke. Da wani malami za ya tashi a Kano gobe ya ce kowace shekara cikin dubun nan kwana guda ce a wurin Allah, saboda haka lokacinsa ya yi, da makamin Kitabul Iƙan ne za ya yi aiki, mutanen Baha'i kuwa ba za su karɓe shi ba. Mabuɗin da ya buɗe ƙofofin waɗansu duka, da aka zo ƙofar gida sai aka jefa shi rijiya.

Wannan gardama ma ta taɓa tashi a cikin gidansu. Ƙanen Baha'u'llah, Mirza Yahaya, wanda yawancin mabiyan Bab suka ɗauka shugaba bayan mutuwar Bab, ya ƙi yarda da wansa har ya mutu a tsibirin Kubrus a 1912. Mutanensa suka ce akwai kalmomi cikin Bayan waɗanda, in an bi su da lissafin haruffa irin na masu hisabi, suna nuna shekara 1,511 ko 2,001 kafin mai zuwan ya zo, ga shi kuwa shekara 19 kaɗai ta wuce. Mutanen Baha'u'llah suka amsa cewa Bab ya ambaci shekara ta 9 da ta 19 kuma, ya ce kada lissafi ya hana kowa gane shi. Ba mu ne za mu raba musu wannan gado ba. Lissafin shekaru dai abin tsoro ne ga kowa. Abdul Baha ya ƙidaya kwana 2,300 na Daniyel sura 8 a kan shekaru ne, daga 457 kafin haihuwar Almasihu, ya sauka a 1844. Wani mai wa'azi a Amurka, William Miller, da wannan lissafin ya sa dubban Krista suka zauna jiran Ubangiji a watan Oktoba na 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. Namu ne suka fara yin wannan kuskure.

Mu koma ga littafin shari'ar, gama yawancin masu shiga addinin ba ta wurinsa su ke shiga ba. Abin da a ke fara nuna musu shi ne zaman lafiya, da ilimi ga kowa, da daidaita mace da namiji, da barin wariyar launi. An buga Kitabul Aƙdas da Larabci a Bombay wajen 1890, amma shugabannin addinin ba su fitar da cikakkiyar fassararsa da Turanci ba sai 1992, kusan shekara 120 bayan rubuta shi. Waɗansu masu aikin bishara biyu ne suka riga su fassara shi a 1961, mutanen Baha'i kuwa ba su amince da fassarar ba. Hujjarsu ita ce dokokin a hankali za a ɗora wa mutane, an kuma fitar da taƙaitawarsu a 1973. Mun ji. Amma duk wanda ya shiga addinin a Kampala ko Legas ko Shikago cikin waɗannan shekaru, in ba ya jin Larabci, ya rungumi shari'ar da bai karanta ba. Hausawa suna kiran wannan cinikin biri a sama.

Da aka buɗe littafin, sai ga addini cikakke da nasa iyakoki. Shekararsu wata 19 ce, kowane wata kwana 19, da 'yan kwanaki 4 ko 5 na cikawa. Suna azumin kwana 19 cikin watan Maris, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Suna da sallarsu ta farilla, alƙiblarsu kuwa kabarin Baha'u'llah ne kusa da Akka. Ba sallar jam'i sai ta gawa, ba limami ba fasto. An hana giya da caca, an hana tsegumi, aure ba ya ɗauruwa sai iyayen ango da na amarya sun yarda, da yawa cikin waɗannan ba mu da abin cewa a kansu sai madalla. Sadaki misƙali 19 ne, na zinariya ga mutumin birni, na azurfa ga na ƙauye. Mazinaci za ya biya tara misƙali 9 na zinariya, in ya sake a ninka. Ɓarawo a kore shi ko a ɗaure shi, a karo na uku a sa masa alama a goshi. Wanda ya sa wa gida wuta da gangan a ƙone shi, ko a ɗaure shi rai da rai. Waɗannan hukunce-hukunce ba a aiki da su yanzu, an ajiye su ne don ranar da su ke sa zuciya al'ummai za su karɓi addinin.

Wajen mata kuma sai a lura. Littafin ya bar wa namiji ya auri biyu, Baha'u'llah kansa matansa uku ne, Abdul Baha ne ya fassara ayar ya ce sharaɗin adalci ba ya cikuwa, saboda haka mace ɗaya. In mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, ana raba dukiyarsa kashi 2,520: uba ya sami 330, uwa 270, 'yan'uwa maza 210, mata 150, gidan zama kuwa na babban ɗa namiji ne. Wanda ba Baha'i ba ba shi da rabo, ko da ɗan cikinsa ne, sai dai an umurci kowa ya rubuta wasiyya, a cikinta kuma yana da ikon ba wanda ya ga dama. Majalisar ƙoli da ke mulkin addinin daga Haifa, wadda aka fara zaɓa a 1963, mutum 9 ne, dokarsu kuma ta hana mace shiga, ko da ya ke mata suna riƙe da manyan ayyuka a ƙarƙashinta. Ba mu ɗaga murya a nan, gama ekklesiyoyinmu da yawa ba su naɗa mace fasto, gardamar kuma ba ta ƙare a tsakaninmu ba. Abin da mu ke cewa shi ne a rubuta a bakin ƙofa abin da ke cikin ɗaka.

Haɗin kan nasu ma da tsada aka saye shi. Wanda ya yi jayayya da shugabancin addinin daga ciki, ana kiransa mai karya alkawari, a yanke hulɗa da shi, ko da ɗan'uwa ne na jini. Haka aka yi wa ƙanen Abdul Baha. Jikansa Shoghi Effendi, wanda ya riƙe addinin daga 1921, ya fitar da danginsa kusan duka, har da ya mutu a London a 1957, ba ɗa ba wasiyya, ba a sami ko ɗaya cikin zuriyar da ya cancanci gadonsa ba, sarautar da aka shirya za ta bi jini ta tsaya a kansa. Har yanzu kuma in mai bin addinin ya rubuta littafi a kansa, sai shugabanni sun duba kafin a buga.

Laifi tudu ne, in ji mutane, ka taka naka ka hango na wani. Me ya sa mutum kamar Olinga, wanda ya tashi cikin ekklesiya, ya ga haske a wani wuri? Ba mu san zuciyarsa ba, amma mun san a zamanin nan akwai gidajen mishan inda baƙar fata ba ya cin abinci a tebur ɗaya da Bature, mutanen Baha'i kuwa suna ci tare, suna auren juna. Mun kuma san garuruwa a yau inda kabila kaza ta ke da nata ɗakin sujada, kabila kaza da nata, tsakaninsu bai fi jifa ba. Mu ma muna da mudu biyu in muka yi wa'azin jiki ɗaya ran Lahadi, ran Litinin muka hana 'yarmu auren mai bi don yarensa dabam.

Akwai kuma abin da bai kamata mu yi shiru a kansa ba. A ƙasarsu ta asali mutanen nan sun sha azaba. Bayan juyin 1979 an kashe fiye da 200 daga cikinsu a Iran, an rushe gidan Bab a Shiraz, a watan Yuni na 1983 an rataye mata 10 a wannan birni domin sun ƙi musun addininsu, ƙaramarsu shekararta 17. An hana 'ya'yansu shiga jami'a. Ana zarginsu da yi wa Isra'ila leƙen asiri don cibiyarsu tana Haifa, alhali Turkawa ne suka kai Baha'u'llah can shekara 80 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Mu da mu ke da 'yan'uwa waɗanda aka kora daga gidajensu saboda sunan Yesu, mun san ɗacin wannan. Ƙin koyarwar mutum bai ba kowa izinin taɓa gashin kansa ba.

Saboda haka in ɗayansu ya yi sallama a ƙofar gidanka, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa. Za ya ce maka shi ma yana ba da gaskiya ga Yesu, da zuciya ɗaya kuma ya ke faɗi, gama suna karɓar haihuwarsa ta wurin budurwa, suna kuma yarda an gicciye shi. Kada ka ce masa maƙaryaci. Ka ɗauko Luka sura 24 ku karanta tare, ka tambaye shi abin da ya faru da jikin da aka sa a kabarin Yusufu na Arimatiya. Sa'an nan ka roƙe shi ya kawo Kitabul Aƙdas ran da za ya dawo, ku buɗe wurin da a ke zancen shekara 1,000.